Komawa bakin aiki bayan lalura: yaushe za ka faɗa, wa za ka faɗa wa, me kuma za ka faɗa

Shekara uku da 'yan watanni na yi a gida bayan haɗarin motar da ya bar ni da sanduna biyu. Da jiki ya yi ƙwari na fara neman komawa aiki, abin da ya fara tsayar da ni wani ɗan layi ne a fom ɗin neman aiki, inda aka tambaya ko ina da nakasa. Na fi awa guda ina kallonsa. In na ce e, ina tsoron a jefa takarduna a kwandon shara tun ba a ga fuskata ba. In na ce a'a, ranar intabiyu sandunan za su riga ni shiga ɗakin. Tun daga lokacin na zauna da 'yan'uwa da yawa masu irin wannan damuwa, maza da mata, makafi da kurame da masu sikila da waɗanda suka yi jinyar ƙwaƙwalwa. Abin da na koya shi ne labarin lalurarka mallakinka ne, kai ke zaɓar lokacin fitar da shi, kuma abin da mai ɗaukar aiki ke buƙatar ji shi ne yadda za ka yi aikin. Tarihin jinyarka na likita ne.

Mataki na farko: zauna da kanka kafin ka zauna da kowa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗauki takarda ka rubuta gaskiyar halin da kake ciki yau, ka ajiye na kafin ciwo a gefe. Awa nawa kake iya zama a kujera kafin baya ya fara ciwo? Sau nawa a wata kake zuwa asibiti, kuma wace rana? Maganin da kake sha yana sa ka barci da safe? Za ka iya hawa adaidaita sahu kai kaɗai, ko sai an ɗauko ka? Nawa kuɗin zuwa da dawowa zai ci a wata? Wannan tambaya ta ƙarshe ana raina ta, alhali mai keken guragu sau da yawa sai ya ɗauki shatar adaidaita gaba ɗaya, kuɗin motarsa ya ninka na abokan aikinsa. Albashin da kuɗin mota zai cinye rabinsa sai an yi masa lissafi tun kafin a karɓa.

Bayan haka ka gwada kanka na mako biyu. Tashi lokacin da ma'aikata ke tashi, ka yi shiri, ka fita, ka yi wani aiki na awa biyar ko shida, ko da taya wani ɗan'uwa lissafin shago ne ko koyarwa a Islamiyyar unguwa. Abin da jikinka ya gaya maka a waɗannan kwanaki shi za ka kai wa likitanka, ka tambaye shi ƙarara: wane aiki zan iya, wanne zan guje wa? Ka roƙe shi ya rubuta maka rahoton da ke bayyana abin da kake iyawa da abin da kake buƙata. Rahoton da ya jero sunan ciwo da magunguna kawai ba ya taimakon mai neman aiki. In a Asibitin Ƙashi na Dala ka yi jinya, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ko Kware, can fayil ɗinka yake, can ya fi dacewa ka nemi rahoton, don takardar asibitin gwamnati ita ma'aikatu suka fi amincewa da ita.

Mataki na biyu: in tsohon wurin aikinka yana nan, fara da shi

Wanda ya san ƙwazonka tun kana lafiya ya fi sauƙin shawo kai. Rubuta takarda zuwa sashen kula da ma'aikata, ka faɗi ranar da kake son dawowa, ka haɗa da rahoton likita, ka nemi a fara da rabin wuni na 'yan makonni ko a mayar da kai wani sashe da ya dace. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikatan da ta shafa hutun rashin lafiya na kwana 12 da albashi a shekara, abin da ya wuce haka kuma ya danganta da yarjejeniyar aikinka ko ƙa'idojin aikin gwamnati, inda ake tura mai doguwar jinya gaban kwamitin likitoci. Kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki don wani ya ce hakan ya fi maka sauƙi, sai ka nuna wa lauya ko shugabannin ƙungiyar ma'aikatanku.

In a bakin aiki ka ji raunin, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF, mai kula da asusun inshorar ma'aikata, ke aiwatarwa. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Dokar ta ce ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Har tanadin gyaran jiki da koyon sabuwar sana'a dokar ta yi wa wanda ba zai iya komawa tsohon aikinsa ba. Mutane da yawa sun yi asarar wannan haƙƙi saboda suna kwance a asibiti, ba wanda ya tuna musu da wa'adin.

Mataki na uku: giɓin shekaru a CV

Kada ka ƙirƙiro wurin aikin da ba ka yi ba don cike giɓi, waya ɗaya za a buga a gano. Layi guda ya isa: daga shekara kaza zuwa kaza, hutun jinya, yanzu na shirya komawa aiki. A ƙarƙashinsa ka sa duk abin da ka yi a lokacin: kwas ɗin kwamfuta, sana'ar POS, koyar da yara darasi a gida, riƙe littafin adashin unguwa, aikin sa kai a wata ƙungiya. Sannan ka kira mutum biyu da suka san aikinka, ka gaya musu za ka sa sunansu, ka kuma roƙe su su tsaya kan maganar aikinka in an tuntuɓe su. Na ga wanda tsohon ogansa, da kyakkyawar niyya, ya zayyane wa sabon kamfani duk jinyarsa don a tausaya masa, tausayin kuma ya jawo aka fasa ɗaukarsa.

Mataki na huɗu: a faɗa ko a yi shiru?

Nan ne zuciyar maganar, kuma amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. Abu uku ke yanke ta: irin lalurar, irin wurin aikin, da abin da faɗin zai samo maka a daidai wannan lokaci.

In lalurar ta fili ce, keke ko sanda ko makanta ko kurumta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya rage maka zaɓi a kai shi ne lokaci. Shawarata ga mai neman aiki a kamfani mai zaman kansa ita ce kada ya sa a CV ko a wasiƙar neman aiki. Mai tace takardu ɗari biyar dalilin ragewa yake nema, kuma ba zai kira ka ya tambayi yadda kake aiki ba. Bari sai takardunka sun ci, an gayyace ka intabiyu, sannan ka amsa gayyatar tare da faɗin abin da kake buƙata. A lokacin sun riga sun yarda ka cancanta a gani, kuma in suka janye bayan saƙonka, akwai shaida a rubuce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka yi shiru har ranar, ka tarar da ɗakin intabiyun a hawa na uku ba lifta, ko ka tarar jarrabawar ta kwamfuta ce ba manhajar da za ta karanta maka. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure. Na isa saman benen ina haki, zufa ta jiƙe min riga, minti goman farko duk suka tafi a ban haƙuri da sannu, ba wanda ya ji abin da na iya.

Aikin gwamnati daban ne. Dokar haramta wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu masu nakasa su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Saboda haka in fom ɗin ma'aikatar gwamnati ya tambaya, ka faɗa, domin ta wannan layin ake ƙirga waɗanda za su shiga kason. Sai dai ka lura da abu biyu. Lafazin dokar na iya ƙoƙari ne, wanda ke ba mai son zillewa ƙofa, kuma kason bai hau kan kamfanoni masu zaman kansu ba. A Nijar an ware irin wannan kashi 5 tun 1993, can kuma ya haɗa har da kamfanonin da ke da ma'aikata 20 zuwa sama. Jihohi irin su Filato da Kaduna da Legas suna da nasu dokokin da hukumomin, don haka mai neman aikin jiha ya binciki abin da dokar jiharsa ta ce. Haka ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa da ke rubuta a tallarsu cewa suna ƙarfafa masu nakasa su nema, su ma faɗa tun farko ya fi amfani. Kafin ka nema, ka yi rajista da Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa da aka kafa a 2020, wadda doka ta ba ikon bayar da takardar shaidar nakasa, ka kuma shiga reshen JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, na jiharka. Sau tari ta hannun shugabannin ƙungiyoyi ake fara jin labarin gurabe.

Lalurar ɓoye ita ce mai wuyar sha'ani: sikila, farfaɗiya, ciwon ƙoda, ciwon damuwa, raunin ji da bai kai kurumta ba. A garuruwanmu har yanzu akwai masu danganta farfaɗiya da aljanu, masu gudun mai ita wai ana ɗauka ta yawu, alhali ba a ɗaukarta. Wanda ya taɓa kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa kuma, ko ya warke sarai, kalma ɗaya ake kiransa da ita a bayan ido. Ga 'yan mata abin ya fi nauyi, don maganar da ta fita a ofis tana iya kaiwa har gidan masu neman aure. Magana zarar bunu ce. Don haka ba na ganin laifin wanda ya riƙe sirrinsa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ka tambayi kanka: lalurar nan za ta shafi aikin? Ina buƙatar a canza min wani abu? In amsar duka biyun a'a ce, ba dole ka fara ɗauko zancen ba. In kana buƙatar wani abu, kamar ranar asibiti duk wata, ko a cire ka daga aikin dare saboda rashin barci na tayar maka da ciwo, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ofa, wato takardar ɗaukar aiki, ta shigo hannunka.

Iyaka biyu ne ba a tsallake su. Ta farko, kada ka yi ƙarya a fom ɗin da ka sa wa hannu. Shiru a inda ba a tambaye ka ba daban, rubuta a'a a inda gaskiya e ce daban. Ranar da aka gano, da laifin ƙarya za a sallame ka, ba mai ambaton nakasa, kuma ka raunana ƙararka da hannunka. Ta biyu, in aikin ya shafi rayuka, tuƙi ko injin masana'anta ko hawa turken wuta, kuma lalurarka na iya sa ka faɗi ko hankalinka ya gushe, to faɗa wajibi ne tun kafin ka karɓa. Wannan haƙƙin mutane ne, kuma amana ce.

Mai ɗauke da cutar HIV ya sani dokar hana wariya ta 2014 ta haramta a gindaya gwajin cutar a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ita ma ta hana nuna wariya ga masu wannan lalura wajen aiki.

Mataki na biyar: yadda ake furta shi

Jimla uku sun wadatar: abin da ke akwai, abin da kake buƙata, da tabbacin aikin zai tafi. Galibi da Turanci za ka rubuta, amma ma'anar ita ce kamar haka: "Na gode da gayyata, zan halarta in sha Allahu. Ina amfani da keken guragu, don haka ina roƙon a yi ganawar a hawan ƙasa. Ban da wannan ba na buƙatar komai." Makaho zai ce yana aiki da manhajar NVDA mai karanta abin da ke kan allo, kyauta ce, zai iya zuwa da kwamfutarsa, yana kuma neman ƙarin lokaci a jarrabawa. Kurma zai nemi a bar shi ya zo da tafintan maganar hannu, ko a ba shi tambayoyin a rubuce. Mai sikila zai ce wa jami'ar ma'aikata: "Hajiya, ina da lalurar da ke sa ni ganin likita sau ɗaya a wata. Zan riƙa sanar da ranar tun da wuri, in kuma rama awannin."

Ka lura ba ban haƙuri a ciki, ba kuma "a taimaka min saboda Allah". Mun taso a inda aka saba ganin mai nakasa a bakin titi da ƙoƙon bara, kuma da zarar muryarka ta yi kama da roƙo, wanda ke gabanka zai fara tunanin sadaka, ya manta albashi ake magana. Ka zo da maganin matsalar a hannunka, har da kuɗinta in ka sani. Yawancin masu kamfani tsoron kashe kuɗi suke, alhali abin da ake buƙata sau da yawa bai wuce sauko da tebur ƙasa, ko ɗan gangaren siminti a bakin ƙofa, ko sauya lokacin shigowa ba.

Mataki na shida: ranar intabiyu

Je ka ga wurin kwana ɗaya kafin ranar, ko ka tura wani ya duba maka ƙofa da matakala da banɗaki. In ɗan rakiya ya kawo ka, ya tsaya a waje, sai dai in tafinta ne, kada a riƙa yi masa tambayar da kai ya kamata a yi wa.

Za a iya jefo maka tambayar da ba ta dace ba: me ya same ka, haka aka haife ka, za ka iya kuwa? Kada ka fusata, kada kuma ka buɗe labarin asibiti. Amsa a taƙaice ka juyo da zancen kan aiki: "Ranka ya daɗe, haɗari ne, shekara huɗu ke nan. Ga yadda nake gudanar da irin wannan aiki." Sai ka kawo misali na gaske, ko ka nemi a ba ka minti biyar ka nuna. Makahon da ya buɗe kwamfutarsa ya cike jadawalin Excel a gaban kwamiti ya gama amsa tambayar da suke jin nauyin yi. Da ka fito, rubuta ranar da sunayen muƙaman waɗanda suka zauna da duk wata magana da aka yi kan lalurarka, tun ba ka manta ba.

Mataki na bakwai: bayan ofa ta fito

Yawanci za a nemi takardar shaidar lafiya daga asibitin gwamnati. Tafi da rahoton likitanka da kuma bayanin aikin da aka ɗauke ka, domin likitan ya auna ka da wannan aikin. Ka gaya masa gaskiya. Sannan duk abin da aka amince maka da baki, a mayar da shi rubutu, ko da saƙon imel ne da kai za ka tura kana cewa ga abin da muka tsayar. Ogan da ya yi maka alkawari ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe, wanda ya gaje shi kuma takarda kawai zai duba.

Mutum biyu suka isa su sani: jami'in ma'aikata da shugabanka na kai tsaye. Ka faɗa musu a fili cewa ba ka yarda a yaɗa ba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Mai farfaɗiya ko sikila ko ciwon suga ya ƙara da mutum ɗaya amintacce da ke zaune kusa da shi, ya koya masa abin yi in ciwo ya tashi. Ga farfaɗiya, a kawar da abin da zai ji wa mutum rauni, a kwantar da shi ta gefe, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, in kuma ta wuce minti biyar a garzaya asibiti.

Watannin farko na gwaji ne, a aikin gwamnati ma shekara biyu ake yi kafin a tabbatar da mutum. Akwai jarabar nuna kai, ka ɗauki aikin mutum biyu, ka tsallake ranar asibiti don kada a ce ka cika uzuri. Na san wadda ta yi haka wata uku, ta koma gado wata biyar. Riƙe ranakun likitanka, ka kuma ajiye ɗan littafin da kake rubuta ayyukan da ka kammala duk mako, ranar tantancewa zai yi maka magana.

In an nuna maka wariya

Tara shaida tukuna: tallar aikin, gayyatar, saƙon da ka tura, amsar da aka ba ka. Dokar 2018 ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfanin da ya nuna wariya, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. A ɓangaren aiki ta sa diyyar da ba ta gaza naira 250,000 ba in mutum ne ya yi, 500,000 in kamfani ne, a biya wanda aka zalunta. Wa'adin shekara biyar da ta ba gine-ginen jama'a su gyara hanyoyin shiga ya cika tun Janairun 2024, don haka "ofishinmu ba shi da hanyar keke" ya daina zama uzuri.

Fara da takardar koke zuwa shugaban wurin, cikin ladabi, kana ambaton dokar. Wasu da sun ga ka san haƙƙinka suke gyarawa. In ba a saurare ka ba, kai ƙorafi Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, ba a biyan kuɗi wajen shigar da koke. Shari'ar aiki kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke yin ta, tana da rassa a Kano da Kaduna da Jos da wasu biranen. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, kuma ya yi hakan cikin makonnin farko, don wasu ƙararrakin suna da wa'adin da in ya wuce kotu ba za ta saurare su ba.